Na faɗa sun ce "to", amma aiki ya fito daban, ina matsalar take?

Wani ɗan'uwa ne ya turo tambaya, yace an ba shi manajan wani ƙaramin kamfanin fiya wata, akwai masu aikin inji da 'yan lodi da direbobi a ƙarƙashinsa, kullum da safe sai ya tara su yayi bayani kowa yace "to Oga", amma kafin la'asar sai ya tarar an yi wani abu daban da wanda ya faɗa, a gida ma da iyali kusan haka abin yake, shine yake tambaya wai shi ne bai iya magana ba ko su ne basa ji, kuma ya ma magana take tafiya daga bakin mutum har ta zauna a kan wani?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka a wannan matsayi ya kuma baka ikon riƙe amana. Na daɗe ina koyar da harkar sadarwa, na kuma yi aikin horar da ma'aikatan lafiya a karkara kan yadda ake yi wa jama'a bayani, toh abinda zan fara gaya maka shine, yawancin lokaci ba bakinka bane matsalar kuma ba kunnensu bane. Hanyar dawowa ce baka da ita. Kana tura magana, amma baka da yadda zaka gane me ya sauka a kansu sai bayan aiki ya lalace, lokacin kuma an riga an ƙona mai an ɓata leda.

Bari mu bi abin daga tushe. Kafin ka buɗe baki akwai wani abu a ranka, misali kana so a kai wa wani dila leda 200 kafin rana ta yi zafi saboda jiya ya kira yana ƙorafi. Wannan abin da ke ranka cikakke ne, kana ganin fuskar dilan, ka san shagonsa, ka san dalilin gaggawar. Amma ba zaka iya ɗauko shi ɗungurungum ka sa a kan direba ba, dole ka mayar da shi kalmomi, kuma anan ake fara asara, don abinda zai fito daga bakinka bai wuce "a kai wa Alhaji kayansa da wuri" ba. Daga nan maganar ta bi wata hanya, ko baki da baki ko waya ko tes ko aike, ta isa kunnen direba, shi kuma ya warware ta da abinda ke cikin nasa kan. Shi a wurinsa Alhaji biyu ne a layin nan, "kayansa" kuma leda 100 ne kamar yadda aka saba, "da wuri" kuma kafin azahar ne. Bai yi maka ƙarya ba da yace to, abinda ya ji shi ya amsa, kuma shi zai je ya yi.

Wanda ya fara zana wannan tafiyar a takarda injiniya ne ba malamin harshe ba, sunansa Claude Shannon, yana aiki a cibiyar binciken harkar waya ta Bell Labs a Amurka, a 1948. Shi damuwarsa wayar tarho ce, ya za'a yi saƙo ya tashi daga wannan gefe ya isa wancan ba tare da ƙarar layi ta cinye shi ba. A 1949 Warren Weaver ya haɗa kai da shi suka faɗaɗa abin har ya shafi maganar mutane. A 1948 ɗin dai Harold Lasswell ya kawo tambayoyinsa da duk ɗalibin aikin jarida ya haddace, wa ya faɗa, me ya faɗa, ta wace hanya, ga wa, kuma me ya biyo baya. Abinda ni na fi ɗauka a wurin Shannon abu biyu ne, na farko babu hanyar da bata da hayaniya, na biyu maganin hayaniya maimaici ne, wato ka tura saƙon fiye da sau ɗaya ko ta hanya fiye da ɗaya yadda in wani ɓangare ya faɗi a hanya ɗayan zai cike.

Kuma hayaniya ba ƙarar janareto kawai bace, duk da a wurin aiki irin naka ita ma tana nan, kana magana inji na ƙara rabin mutanen bakinka kawai suke kallo. Yaron da bai karya ba, hayaniya ce a cikinsa. Direban da matarsa ke asibiti, ko wanda yake lissafin yau kwana nawa albashi bai shigo ba, ko sabon yaro da tsoronka ya cika masa ciki har baya jin komai sai bugun zuciyarsa, duk waɗannan suna tsaye a gabanka amma maganarka bata samun wurin zama. Shi yasa bayani mai tsawo da safe, abu takwas a jere, kusan ɓata yawu ne. Na farko da na ƙarshe ne zasu tsira, na tsakiya sai dai a yi ta cewa ai na faɗa.

Abinda zanen Shannon bai kama ba, Wilbur Schramm ne ya ƙara shi a 1954, yace mutum biyu basa fahimtar juna sai a daidai inda abinda suka sani ya haɗu. Wannan kam duk ɗan kasuwar da ke hulɗa tsakanin Kano da Maraɗi ya san shi ba sai an koya masa ba, a Nijar jaka ɗaya sefa 1,000 ce, dala kuma sefa 5, a Najeriya kuwa dattawa in sun ce jaka naira 200 suke nufi, harshe ɗaya ne amma in ba'a tsaya an tantance ba sai a yi ciniki a tashi kowa da nasa lissafin. Haka tiya ko mudu, ba girma ɗaya suke ba daga wannan kasuwa zuwa waccan. A wurin aikinka ma akwai irinsu da yawa, "anjima", "bayan la'asar", "kaɗan", "kamar na rannan". Kai da ka san abinda kake nufi baka jin giɓin, shi wanda ke saurare shi ke cike giɓin da nasa zato. Kuma yawanci wanda ya fi sanin aiki shi ya fi barin giɓi, saboda ya manta lokacin da shi ma bai sani ba.

Toh yanzu ga inda nake so ka tsaya sosai. A littafi ana cewa mai saurare zai mayar da amsa, daga amsar mai magana zai gane ko an fahimta. A wurinmu wannan ɓangaren ne ya fi samun matsala, kuma dalilin tarbiyyarmu ce, wadda ni bana ganin laifinta ko kaɗan. An raine mu kada mu katse babba, kada mu ƙura masa ido, kada mu sa shi maimaita magana, akwai kunya akwai kara. Yaro ya taso ya san in mahaifinsa ya aike shi "to" ake cewa, ba'a cewa ban gane ba. Wannan yaron ne ya girma ya zo yana aiki a ƙarƙashinka, ga kuma tsoron kada a ce bai da kai a sallame shi. Saboda haka idan ka gama bayani kace "kun gane ko?" wallahi amsa ɗaya ce zaka samu ko sun gane ko basu gane ba. Ladabi suka yi maka, kai kuma ka ɗauka tabbaci ne. Daga baya in abu ya ɓaci ka yi faɗa, faɗan kuma ya ƙara musu tsoron tambaya, gobe abin ya fi na yau.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ne. Hatsarin jirgin sama mafi muni a tarihi ta fuskar yawan rayuka, wanda ya faru ranar 27 ga Maris 1977 a filin jirgi na Los Rodeos a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, akwai wannan matsalar a cikinsa. Jirage biyu ne ƙirar Boeing 747, na kamfanin KLM da na kamfanin Pan Am, hazo ya rufe fili basa ganin juna. Matuƙan KLM suka faɗi wata magana a rediyo mai harshen damo, su suna nufin sun fara tashi, mai kula da hasumiyar da ke ba jirage izinin tashi ya ɗauka suna tsaye ne suna jiran izini. Ya ce musu su dakata zai kira su, a daidai wannan lokacin matuƙan Pan Am suma suka danna rediyo suna cewa har yanzu suna kan titin, maganganun biyu suka haɗu suka zama ƙara, KLM basu ji ko ɗaya da kyau ba. Injiniyan jirgin KLM ya ji shakka har ya tambaya anya ɗaya jirgin ya bar titi kuwa, kyaftin ɗin, wanda babba ne ƙwarai a kamfanin har shi ke horar da matuƙa, ya amsa da ƙarfin gwiwa cewa eh, injiniyan bai sake magana ba. Mutum 583 suka mutu. Duk lokacin da nake koyar da wannan darasi wurin injiniyan nan ne yake tsaya min a rai, mutum ya hango gaskiya, ya faɗa sau ɗaya a hankali, girman na gaba ya rufe masa baki.

Bayan wannan masu harkar jiragen sama suka gyara abubuwa. Kalmar tashi ba'a furta ta a rediyo sai lokacin da ake bada izinin tashin da gaske ko ake soke shi, an ƙara tsananta cewa matuƙi ya maimaita umarnin da aka ba shi da bakinsa mai hasumiya ya ji ya tabbatar, sannan aka shigo da horo na musamman da ke koya wa ƙaramin matuƙi ya yi magana, babban kuma ya saurara. Asibitoci ma sun ɗauki darasin, a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar da ake bi a ɗakin tiyata, kafin a sa wuƙa ana tsayawa kowa ya faɗi sunansa da aikinsa a kuma faɗi sunan mara lafiya da aikin da za'a yi masa da baki, kowa yana ji.

Na ga amfanin wannan da idona a wani ƙaramin asibitin karkara. Mai bada magani tana zaune bayan taga, layi ya yi tsawo, uwa ta zo da yaro a goye jikinsa zafi, aka miƙa mata ƙwayoyi a ƙullin leda da kwalbar sirop aka ce wannan ɗaya sau uku, wannan cokali ɗaya safe da yamma, tace to ta juya. Muka sa aka dawo da ita, mai maganin tace mata "Maman yaro, don Allah in kin koma gida babansa ya tambaye ki ya za'a ba shi, me zaki ce masa?" Sai matar ta ɗaga ledar tace wannan guda uku za'a ba shi lokaci ɗaya, ta nuna kwalbar tace wannan kuma da cokalin tuwo. Ba wauta ce da ita ba, abinda ya isa gare ta kenan a cikin hayaniyar layi da kukan yaro. Mai maganin ta ɗauki biro ta ja layi uku a jikin takarda, ta nuna mata asuba da azahar da isha, ta cire murfin kwalbar ta nuna mata iya inda za'a zuba, matar ta maimaita daidai sannan ta tafi. Duka abin bai kai minti biyu ba.

Ka lura da yadda aka yi tambayar, ba'a ce mata maimaita in ji ba, an bata hanyar da zata faɗa ba tare da ta ji ana gwada ta ba. Kai ma haka zaka yi, musamman da yake na tabbata a cikin direbobinka akwai wanda ya girme ka ko ma ya haife ka. Ba zaka ce wa dattijo maimaita abinda na faɗa ba, cin fuska ne. Sai dai kace "Baba, don kada in zama na rikita ku, ina zaku fara sauke kaya, nawa kuma zaku sauke?" Ka ɗora yiwuwar kuskuren a kanka, shi kuma ya faɗi tsarin da bakinsa, in akwai inda ya karkace ka gyara a nan take tun mota bata tashi ba. Yara matasa kuma ka saba musu da tambayar da ba'a amsa ta da eh ko a'a, me zaka fara yi, ƙarfe nawa zaka gama, in leda ta ƙare wa zaka gaya wa. Sannan ranar da wani ya yi ƙarfin hali yace Oga ban gane ba, ko yace Oga inaga wannan ba zai yiwu ba, abinda ka yi masa a wannan minti shi zai yanke ko wani zai sake tambaya a kamfanin nan. Duk sauran suna kallo. In ka yi tsaki ka rufe ƙofar kenan, in kace madalla da ka tambaya ka sake bayani da wasu kalmomin daban, toh ka samu abinda kuɗi basa saya.

Akwai kuma batun waye mai maganar, don saƙo ɗaya ne amma bakin da ya fito yana canza nauyinsa. Mu a arewa mun ga wannan a rigakafin shan inna. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohi saboda zargin da ya bazu cewa akwai wani abu a ciki, kuma zargin ya samu wurin zama ne saboda mutane basu manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Bayanin likitoci bai canza ba, rediyo na ta faɗa, amma yarda ta tafi. Kano ta koma yin rigakafin a 2004, kuma abinda ya ja jama'a a hankali shine shigowar sarakuna da hakimai da masu unguwanni da malamai da matan unguwa da ake shiga gida da su, mutanen da aka sani aka san iyayensu. Sai a watan Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. A ƙaramin mataki kai ma haka ne, kai sabo ne, in ka taɓa cewa za'a biya kuɗin obataim ranar Juma'a ba'a biya ba, duk maganar da zaka yi bayan nan da wannan ma'aunin za'a auna ta. Kuma a kowane wurin aiki akwai wani tsohon ma'aikaci da in ya gyaɗa kai kowa ya yarda, ka gano shi, ka riƙa fara zama da shi kafin ka kawo sabon tsari gaban jama'a.

Hanyar da zaka bi da saƙo ita ma zaɓi ce. Duk abinda ke da lamba a ciki, adadi, kuɗi, lokaci, lambar waya, a faɗa da baki sannan a rubuta, ko a allo a bakin ƙofa ko a tura a WhatsApp, wanda baya karatu a tura masa saƙon murya gajere da zai iya sake saurare a hanya. Wannan shine maimaicin da Shannon yake magana. Ka rage aike, ka gaya wa sufabaiza ya gaya wa ɗan lodi ya gaya wa direba, kowane baki yana rage wani abu ya ƙara nasa, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Faɗa da gyaran kuskure kuma kada ka kuskura ka yi shi a guruf ko a gaban yara, rubutu bashi da murya, kalma biyu da ka rubuta cikin gaggawa shi zai karanta su da muryar da yake tsoro, ya kwana yana juya su. Kira shi gefe. Kuma saurin hanya baya nufin ingancin saƙo, ka tuna daren nan na watan Agusta 2014 lokacin Ebola da aka yi ta kiran 'yan uwa a waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha wai don kariya daga cutar, kafin gari ya waye ya zagaye Najeriya, mutane suka kwanta asibiti har aka rasa rayuka, kowa ya tura ne saboda wanda ya turo masa nasa ne.

Wataƙila a wani taron horo zaka ji ana cewa kalmomi kashi 7 cikin 100 ne kawai na magana, murya 38, fuska 55. Lambobin daga binciken Albert Mehrabian ne na 1967, amma shi abinda ya auna ƙaramin abu ne, yadda ake gane ko mutum na son ka ko baya so idan kalmarsa da muryarsa suka saɓa. Ba'a kan umarnin aiki bane, fuska bata gaya wa direba leda nawa zai sauke. Inda abin yake da gaskiya shine in bakinka yace ba komai fuskarka kuma a murtuke, fuskar za'a yarda da ita, labarin zuciya a tambayi fuska.

Na gida kuwa tsarin ɗaya ne amma nauyin ya bambanta. A wurin aiki yawanci bayani ake nema, a gida sau da yawa abinda aka faɗa ba shine ainihin saƙon ba. In maiɗakinka tace yau ma ka yi dare, ba agogo take karanta maka ba, in ka tsaya kawo hujjar go-sulo da lodin yamma ka amsa kalmomin ne ka bar maganar. Nan kai ne mai karɓa, aikin da kake so ma'aikatanka su yi maka shi zaka yi, ka ajiye waya, ka bari ta kai aya, ka faɗa mata abinda ka fahimta ka ji ko haka ne. Kuma maganar kuɗin cefane ko ta makarantar yara ba'a yinta a bakin ƙofa kana ɗaura takalmi.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai, ba kowace matsala ce ta rashin fahimta ba. Wani ya ji sarai, ya maimaita maka daidai, kuma bai yi ba, saboda motar bata da lafiya ya ji nauyin faɗa, ko aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ko yana jin an danne masa haƙƙi. Wannan ƙarin bayani baya gyara shi, sai an zauna an ji dalilin. Amma ba zaka iya bambance wanda bai gane ba da wanda ya ƙi ba sai ka fara toshe matsalar rashin fahimtar. Gobe da safe ka sa a kashe inji na minti biyar, ka faɗi abu uku kawai, kowanne da sunan wanda zai yi da adadi da lokaci, kowa ya faɗa maka nasa da bakinsa, ka rubuta a allo, da yamma kafin a tashi ku tsaya gaban allon ku duba tare. Ka riƙe hakan sati biyu, in har akwai wanda nasa yake ci gaba da fitowa daban, shi ne zaka kira ofis ku zauna ku biyu ka tambaye shi me ke faruwa.